Cinyar rago ta daren Asabar

Ƙarfe ɗaya saura na dare nake wannan rubutu, farantan gashi guda uku suna jiƙe cikin ruwan zafi a kicin, kuma na riga na yanke cewa sai gobe zan waiwaye su. Baƙi sun watse tun sha ɗaya, yara sun yi barci, Abbansu ma ya bi sahu, ni kaɗai ce maganar da Kaka, dattijuwar Baturiyar da muke maƙwabtaka da ita, ta yi mini da safe a bakin katanga ta hana rintsawa.

Ummi ce silar komai. Kowace Laraba ana ba su gashi irin na Turawan Ingila a makaranta, kuma ta daɗe tana yi mini ƙorafin cewa ban taɓa yi musu a gida ba, alhali muna cikin shekararmu ta shida a Bradford. Da zagayen cin abincin ƙarshen mako ya zo kanmu, sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Tun da sassafe na je wurin mahaucinmu na ɗauko cinyar rago mai kilo biyu da rabi, na biya kanti na haɗo dankalin Turawa da karas da kabeji da na'a-na'a.

Ina sauke kaya daga mota Kaka ta leƙo ta kan katanga, ta ga cinyar, ta tambaye ni ko shirin gobe ne. Na ce mata na yau ne, baƙi za mu yi da daddare. Ta ɗan yi shiru tana kallona irin kallon da kakata take yi wa wanda ya ce zai sha kunun tsamiya da cokali mai yatsu, sannan ta ce, “Gashi ranar Asabar, kuma da daddare? 'Yar nan, wannan ai abincin ranar Lahadi ne, ƙarfe ɗaya na rana.” Na yi dariya, na ce nama ai bai san ranakun mako ba. Ita ma ta yi dariya, amma ba ta saki maganar ba. Ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa ganin mahaifiyarta ta yi gashi don abincin dare ba, domin abinci ne mai nauyi da ake ci da rana, a samu sauran yini a taka ƙafa ko a kishingiɗa, da yamma kuma a ɗan taɓa burodi da ragowar naman. Mutanen wannan yanki na arewacin Ingila ma sunan abincin ranarsu shi ne abin da 'yan Landan suke kiran na dare da shi, na daren kuwa “shayi” suke ce masa, ko da babu ɗigon shayi a teburin. Sai da za ta koma ciki ne ta faɗi abin da ya tsaya mini. Ta ce gashi ba ya jiran kowa, shi ake jira, don haka in tabbata mutanena masu zuwa kan lokaci ne. Na ce mata kada ta damu.

Na san asalin al'adar tasu daidai gwargwado. Ana sa nama a wuta da safe kafin a tafi coci, a dawo a tarar ya nuna, kuma a zamanin da talaka ba shi da obin a gidansa, gidan burodi yake kai nasa a gasa masa a tandar da ba ta aiki ranar Lahadi, kamar yadda muke kai kwaɓin kek gidan burodi idan sallah ta matso a lokacin da muke yara. Sun shahara da abin har Faransawa suna yi musu laƙabi da sunan gasasshen naman sa. Kowane nama da abokin tafiyarsa: na rago da miyar na'a-na'a mai tsami, na sa da wata farar miya mai hawa hanci. Shi kuwa fanken Yokshaya, kwaɓin fulawa da ake gasawa a obin a ci da gashin, wanda sunansa ya bayyana a littafin girkin Hannah Glasse tun 1747, an ce a da shi ake fara kawowa da romo don ya cika cikin yara kafin a zo kan nama, saboda naman ya isa kowa. Wannan dabarar kam babu uwar da za ta ce baƙuwa ce a wurinta.

Da na ba Abban yara labari, sai ya ce Kaka ta yi ta kanta. A ganinsa Bahaushe bai san gashi da rana ba in ba ranar layya ba, tunda mai tsire sai bayan la'asar yake hura wuta, balangu kuwa da fitila ake sayensa. Ni kuma ina da hujjar da ta fi tasa ƙarfi, wato lokutan salla. A wannan wata na Disamba azahar tana shiga wajen sha biyu, la'asar wajen ƙarfe biyu, magariba kuma kafin huɗu ta yi, saboda haka duk wanda ya tara mutane cin abinci ƙarfe ɗaya zai ga ana tashi ana zama kamar a asibiti. Ga shi rabin mutanenmu aikin jinya da kula da tsofaffi suke yi, Lahadi da rana ba tasu ba ce. Muka tsayar da shida da rabi, bayan isha, na tura wa kowa saƙo har sau biyu.

Girkin kansa ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Lissafi ne ake yi daga baya zuwa gaba, kamar mai shirin kama jirgi. Na tsattsaga cinyar na cusa tafarnuwa, na shafe ta da gishiri da masoro, ta shiga obin ƙarfe uku da rabi a zafin digiri 220 na minti ashirin, sannan na rage zuwa 180, domin mutanenmu ba sa cin nama da ja a cikinsa, komai yadda Turawa suke yabon hakan. Dankalin na tafasa shi minti goma, na tsiyaye ruwan, na girgiza tukunyar har gefunansa suka farfashe, domin wannan farfashewar ce take zama ɓawon da ke ƙaras-ƙaras idan ya shiga mai mai zafi. Kwaɓin fanken, fulawa da ƙwai da madara ne kawai, tun rana na ajiye shi ya huta. Ƙarfe shida na fito da nama na lulluɓe shi, tunda sai ya huta rabin awa kafin a yanka, in ba haka ba ruwansa a kan katako zai ƙare. Na mayar da wuta sama, na zuba kwaɓin a cikin man da ke hayaƙi, na gargaɗi kowa kada ya kuskura ya buɗe obin. Ummi da Abba suka durƙusa a gaban gilashin suna kallon yadda yake tashi kamar hular malafa. Ƙarfe shida da rabi daidai komai ya haɗu, gidan yana ƙamshi, kuma na ji wani alfahari da na daɗe ban ji irinsa ba.

Dakta da matarsa ne kaɗai suka iso kafin bakwai. Yaya ya kira daga Leeds, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba, ya ce ga shi nan a hanya, kuma duk wanda ya san Yaya ya san ma'anar hakan ita ce yanzu zai shiga wanka. Maman 'yan biyu ta turo saƙo cewa wadda za ta karɓe ta a wurin aiki ba ta zo ba, sai takwas za ta tashi. Matar Dakta ta ce a jira su mana, ai ba sauri ake ba, kuma ni ma da dafa-duka na yi ko tuwo da miyar kuka, abin da zan ce ke nan, domin in dai an juye a kula an rufe, sai ma ya ƙara daɗi. Ina zaune ina murmushi ina sauraron hira, amma hankalina yana kan teburin. Fanken ya fara lotsawa tun minti goma na farko. Dankalin da na sha wahalarsa ya yi gumi a ƙarƙashin murfi, ya koma kamar dafaffe. Romon ya yi fata a sama. Na mayar da nama obin a ƙaramar wuta ina sane da cewa bushewa yake yi.

Sai takwas da rabi aka cika. Ban yarda in kawo wa mutane lotsattsen fanke ba, saboda haka na koma kicin na zuba sauran kwaɓin, na baza dankalin a wuta mai ƙarfi ko zai farfaɗo, na tsaya a kan romo ina juyawa. Ina jiyo su daga falo ana ta dariya, sai kuma na ji an yi tsit na ɗan lokaci, aka shiga addu'o'i da “Allah ya sanya alheri,” amma fanke yana wuta, ban isa in matsa ba.

Da aka zauna, Abban yara ya yanka naman yana zuba wa kowa. Yaya ya dubi farantinsa, ya juya fanken da cokali, ya cinye namansa tas, sannan ya jingina ya ce, “Auta, Allah ya yi albarka, nama ya yi. To abincin fa, yana tafe ne?” Da gaske yake, bai yi don zolaya ba, shi a tunaninsa wannan ɗan abin taɓawa ne kafin a kawo shinkafa. Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Ummi ta shiga nuna masa yadda ake cika cikin fanken da romo, shi kuma ya ce a miƙo masa yaji, aka kawo yajin ƙulin da Hajiya ta aiko mana, kafin a jima kowa ya barbaɗa, har Dakta da yake ta yabon miyar na'a-na'a. Ban ji haushin yajin ba, gaskiya ma ya gyara busasshen naman. Na dai tashi na ɗora shinkafa, na fito da miyar da ke cikin firji na ɗumama, kuma ita ce aka cinye har da suɗe cokali.

A wajen tattara kwanuka ne matar Dakta ta biyo ni kicin tana cewa ai sai na riƙa kai musu ziyara. Na ce ziyara ina, alhali tsakaninmu titi uku ne? Ta tsaya tana kallona, sannan ta gane ban ji ba. Dakta ya samu aiki a Saudiyya, watan Fabrairu za su tashi, kuma abin da aka sanar ke nan lokacin da na ji falon ya yi tsit. Ita ce ta tarbe ni a makon da na sauka a ƙasar nan, ita ta nuna mini inda ake sayen daddawa da kuɓewa, ita ta kwana da ni a asibiti daren da na haifi Abba. Sun zaɓi daren yau su faɗa saboda kowa zai hallara a gidana, kuma ni ce kaɗai ba na wurin, ina can ina tsaron fulawa da ƙwai kada su faɗi. Na rungume ta, na yi mata fatan alheri da hannuna duk maiƙo, amma abin ya riga ya wuce, irin yadda ake ba mutum labarin ɗaurin auren da bai samu halarta ba.

Tun da suka tafi nake juya maganar. Ba na jin dare ne matsalar, domin babu wanda ya yi kukan nauyin abinci, kuma hujjar lokutan salla tana nan daram. A wannan ɓangaren ban yarda da Kaka ba har yanzu. Inda ta gaskata shi ne batun jira. Gashin nan nasu an gina shi ne a kan iyali ɗaya da suka fito daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya suka zauna tare, mu kuwa taronmu kowa da lokacin da Allah ya kawo shi, wani daga aiki, wani daga masallaci, wani daga Leeds, kuma abincinmu ya saba da hakan. Ko tsiren da Abban yara ya kafa hujja da shi, ai a takarda ake naɗe shi, wanda ya zo ya ɗauki tsinkensa, ba ya bukatar mai gida ta tsaya a kansa da agogo. Abin da ya fi damuna shi ne na san halin mutanena sarai, na san Yaya tun ina goye, amma na zaɓi girkin da ya fi kowane buƙatar a zo kan lokaci. Ina zargin cewa ba don Ummi kaɗai na yi ba, akwai son a ce wance ta iya na Turawa ma, kuma wannan ne ban so in amsa wa kaina ba tun da safe.

Ummi dai ta ce nawa ya fi na makaranta, ta kuma ci fanke huɗu, biyu daga cikin waɗanda suka lotsa. Ta roƙi in sake yi musu, na ce sai wata Lahadin da babu baƙi, mu huɗu kawai. Su Dakta kuwa zan kira su su kaɗai kafin Fabrairu, in yi tuwon shinkafa da miyar taushe tun la'asar in rufe a kula.

Ragowar cinyar tana firji. Gobe wajen sha biyu ƙamshin gashin Kaka zai fara ratso katanga kamar kowace Lahadi, kuma na san za ta leƙo ta tambayi yadda aka ƙare. Ban yanke ba tukuna ko zan gaya mata ƙarfe nawa aka zauna.