Abin da hayar tarakta ta koya mini game da tsayin gona

A ofishinmu na hayar tarakta da ke cikin birnin Kano, ƙorafin da manoma suka fi kawowa shi ne tsadar haro da huɗa, kuma akasarinsu man dizal suke ɗora wa laifi. Mai yana da nasa kason, amma tun da muka fara rubuta lokacin da direba ya shiga gona da lokacin da ya fita, na gane cewa gajartar gona ce take cinye ribar mai tarakta da ta manomi baki ɗaya.

Lissafin a fili yake. Taraktar da ke jan haro mai faɗin mita 2, tana tafiyar kilomita 6 a awa, a takarda za ta gama hekta 1.2 cikin awa guda. To amma idan tsayin gonar mita 50 ne, daƙiƙa 30 kawai za ta yi ta kai ƙarshe, daga nan direba ya ɗaga haro, ya juya, wani lokaci sai ya ja da baya kafin ya daidaita, injin yana shan mai alhali ba a taɓa ƙasa ba. A gona mai tsayin mita 300 kuwa, sai an yi minti 3 ana aiki kafin a juya sau ɗaya. Ga kuma gefen gona da tayoyi ke dandaƙewa, ga tafiya daga wannan gona zuwa waccan. Abin ya fi tsanani ga injin girbin shinkafa a ƙananan fangalan Kura da Kadawa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga.

Rabon gado da watsewar gandu su suka tsinka gonakinmu, kuma gado haƙƙi ne da ba zan so a taɓa shi ba. Shi ya sa nake fahimtar tsoron manomi idan aka ambaci haɗe gonaki, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, shi kuwa manomi shaidarsa ba ta wuce dagaci da maƙwabta da layin gambar da ke kan iyaka ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne a haɗa aikin, a bar wa kowa mallakarsa, kamar yadda Ruwanda ta fara a 2008. Maƙwabta su kafa turakun iyaka a bakin gona, su yarda kunya ta bi fuska ɗaya, tarakta ta ratsa gonakinsu a rana guda, kowa ya biya gwargwadon filinsa. Wahalar tana wajen iri, domin sai sun shuka iri ɗaya a mako ɗaya kafin shinkafar ta nuna tare injin girbi ya shiga, kuma a nan ne nake roƙon malaman gona su zauna da manoma tun kafin a buɗe ruwa.