Takabar Innarmu

Wasu ƙawayena suna cewa takaba ɗaurin talala ne da aka yi wa mace, namiji kuwa ko arba'in ɗin matarsa ba a yi ba sai ka ji ana ɗaura masa aure. Ban raina maganarsu ba, domin akwai gidajen da ake gallaza wa mai takaba har ta manta da mamacin, ta koma kukan kanta. Amma ni abin da na gani a ɗakin Innarmu bayan rasuwar Baba daban ne.

Abin da addini ya ɗora mata a fili yake. Wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234, sai mai ciki, ita tata tana ƙarewa ranar da ta haihu. Ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba kayan ado, kuma ta riƙa kwana a gidan mijinta. Wani mamacin, ko da uba ne, ba a wuce kwana 3 ana zaman makokinsa. Shi ya sa Ummu Habiba, matar Annabi (SAW), da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana 3 ta sa aka kawo mata turare ta shafa, alhali ba sha'awarsa take yi ba. Miji kaɗai aka ware wa wannan dogon lokaci.

Sauran kuwa ƙarin mutane ne. Gwaggonmu ta zo da 'yar wuƙa ta ce Inna ta riƙa riƙewa duk inda za ta, kuma kada ta yi wanka sai Juma'a. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Yaya, na gode, Allah ya bar zumunci," ta ajiye wuƙar a cikin kwandon albasa. Wankanta kuma ba ta fasa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda babu malamin da ya umarce ta. Baba yana da al'adar fitar da kunu ga almajiran makarantar allon bayan gidanmu kowace asuba, kuma yakan karanta izu ɗaya kafin rana ta fito. Washegarin sadakar uku Inna ta ce, "Abin da Malam ya saba ba zai yanke a hannuna ba." Har yau ba ta taɓa kama sunansa ba. Karatunta bai kai nasa ba, don haka izun da yake gamawa kafin hantsi ita yakan kai ta har walaha, tana bin layi da yatsa, tana komawa baya idan ta yi tuntuɓe. Akwai ranakun da take karatun hawaye na zuba. Akwai kuma ranakun da na tabbata ba ta jin komai sai gajiya da ciwon gwiwa, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit, amma ta jiƙa gero tun dare, ta tashi ta dama. Waɗannan ranakun na biyu su ne suka nuna mini girman abin da ke tsakaninsu. Shauƙi yakan zo ya tafi, shi kuwa alkawari mutum ne da kansa yake tashi ya cika shi, kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Ranar da ta fita takaba ta yi kitso, ta sa lalle, ta je ta gai da dangin Baba gida-gida. Mun ɗauka kunun zai tsaya daga nan. Yanzu matar yayana ce take damawa saboda ƙafar Inna, amma kuɗin geron daga cinikin ƙuli-ƙulinta yake fita, kuma duk wanda ya miƙa nasa a cikinmu sai ta mayar masa.