Haya a Nima, haya a Agege

Jiya na raka ƙanena neman ɗaki a Nima, nan Accra, har yanzu abin yana cin raina. Ɗaki ɗaya ne da baranda, amma mai gidan ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule, ko ya ba wani. Yaron da bai fi wata huɗu da fara aiki ba, ina zai samo su?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, dokar hayar Ghana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. Akwai ma ofishin gwamnati na sasanta rigimar haya. Amma wa zai kai ƙarar mutumin da yake roƙon mabuɗin ɗakinsa? Na faɗa wa dattijon haka cikin ladabi, ya ce: "Ɗana, mutum biyar na jiran ɗakin nan."

Lokacin da nake zaune a Agege, dokar Legas ta 2011 ta ce sabon ɗan haya shekara ɗaya kawai zai biya, kodayake an ware Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA daga cikinta. A New York kuwa, wani kwamiti ne ke zama duk shekara ya yanke iya ƙarin kuɗin hayar da za a yi wa gidaje kusan miliyan ɗaya.

Mun dawo hannu rabbana. Yau da asuba na kira 'yan adashenmu, ko za su yarda a ba shi kwasar wannan watan.