Tirela da sunan wani

Talata. Tun asuba nake layi a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ba a ɗora mini kwantena ba sai bayan azahar. Ina fitowa kuma lokacin hana manyan motoci bin cikin gari ya ritsa da ni, dole na faka. Nan Yaya ya same ni da filas ɗin shayi da maganarsa ta kullum: an sa wata tsohuwar tirela ƙirar Actros a kasuwa, mu haɗa kuɗi mu saya.

"Ƙanena, har yaushe za ka riƙa yi wa kamfani bauta? Kai da ciwon baya, su da riba."

Ba ƙarya ya yi ba. Babu direban da bai taɓa kwana da wannan tunanin ba, ni ma har launin da zan fesa mata na zaɓa tuntuni. Amma na jawo takardar lodi, na juya bayanta muka yi lissafi. Jidda zuwa Riyad wajen kilomita 950 ne, tirela da kaya tana shan kamar lita 35 a kilomita 100. A 2023 litar gas halala 75 ce, wato riyal 0.75. Janairun 2024 ta koma riyal 1.15, Janairun 2025 ta kai 1.66. Man da ake sha na riyal 250 a zuwa kaɗai ya haura 550 ke nan, kuma in ba ka samu lodin dawowa ba, iska za ka ɗauko da kuɗinka. Ga taya, ga inshora, ga fahas, wato binciken lafiyar mota, ga katin aiki na hukumar sufuri, ga tarar Sahir, kyamarorin kan hanya. Yanzu da motar ta kamfani ce, in giyarta ta watse a hanyar Afif, waya kawai nake buga musu in shimfiɗa tabarma a inuwar bodi.

Duk wannan ma mai sauƙi ne. Na ce, "Yaya, da sunan wa za a rubuta ta?" Ya sosa ƙeya, wai akwai wani ɗan ƙasa, mutumin kirki, zai ba da sunansa a riƙa ba shi wani abu duk wata. To, wannan shi ne tasattur, wato baƙo ya fake da sunan ɗan ƙasa ya yi kasuwanci, kuma dokar da ta fara aiki a 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tara har riyal miliyan 5, baƙo mai iƙama (takardar zama) irina kuma a ƙara masa da kora. Ko ba a kama mu ba, ran da mutumin kirkin ya rasu, magadansa takarda za su duba. Wa zan kai ƙara, in ce me?

A kamfani albashin ba ya cika aljihu, wani watan ma sai an ja mana rai. Amma su ke sabunta iƙama, kuma haƙƙin ƙarshen aiki yana taruwa: rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakke bayan haka.

Na ce in dai saye ne, mu saya a Kano da sunanmu, autanmu ya ja. Yaya ya yi dariya har da ƙwarewa, ya ce kafin shekara za a aiko mana da hoton ta a kan duwatsu babu taya ko ɗaya. Ban iya musa masa ba. Mun ajiye maganar sai na dawo ranar Juma'a, ya ce zai zo da bakanike mu je mu ga injin ko da ba za a saya ba.