Kafin ka ce Vim ta lalace, karanta abin da allo ya rubuta

Ƙannena masu koyon kwamfuta, duk wanda hannunsa ya fara faɗawa da Linux, rana na zuwa da zai ji manhajar da aka girka masa ba ta ishe shi ba, sai ya ɗauko tushenta, wato rubutun umarnin da aka yi ta da shi, ya gina da kansa. Ku yi, ban hana ku ba. Manhajar rubutu ta Vim ma wuri ne mai kyau na farawa. Da yaren C aka rubuta ta, Bram Moolenaar ya fito da ita a 1991, ya kuma yi ta rainonta har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Ko tsohuwar kwamfutar hannu tana gama harhaɗa ta cikin 'yan mintoci. Kayan aikin kuma ba ko sisi: GCC da make, masu aikin ginin, suna zuwa cikin kunshin build-essential a Debian ko Ubuntu, GDB kuwa, mai binciko kurakurai a manhaja, sai ka girka shi daban. Abin da ya riƙa cin lokacina ba wahalar aikin ba ce. Na'ura tana faɗa mini abin da ke damunta, ni kuma ina can ina hasashe.

Tun a matakin ./configure, wanda ke duba ko kwamfuta na da kayan da ginin ke buƙata, na fara tuntuɓe. Ya tsaya, ya ce bai sami laburaren tamina (allon da ake buga umarni) ba, in girka ncurses. Na duba, ga ncurses zaune a kwamfutata, sai na yanke hukunci cewa configure ne ya rikice. Ashe kunshi biyu ne. Akwai wanda manhajojin da aka riga aka gina suke amfani da shi, akwai kuma wanda mai gini yake buƙata, wanda sunansa ke ƙarewa da -dev. Libncurses-dev ake nema. Ku riƙe wannan, domin za ku sake haɗuwa da shi a kusan kowace manhaja.

Wanda ya fi wannan sharri shi ne wanda ba ya tsayawa. Na nemi Vim mai aiki da Python 3, configure bai sami kayan Python ɗin ba, ya yi shiru ya wuce abinsa, aka gama gini lafiya lau. Sai da na buga vim --version na ga alamar ragi a gaban python3 maimakon ta tarawa. Na girka python3-dev, na sake configure, har yanzu ragi. Dalili kuwa, yana ajiye amsoshin da ya samu a zagayen farko cikin fayil ɗin src/auto/config.cache, sai ya koma ya karanto tsohuwar amsa. Maganinsa make distclean duk lokacin da ka sauya wani abu, sannan ka ƙara --enable-fail-if-missing don ya tsaya ya faɗa maka in ya rasa abin da ka nema.

Idan make ya zubo kurakurai cike da allo, hau sama ka nemo na farko. Sauran galibi 'ya'yansa ne. In kana amfani da -j don ya yi sauri, cire shi ka sake, domin saƙonnin suna cakuɗewa.

Sai maganar girkawa. Na ba da --prefix=/usr, na buga sudo make install da ƙarfin hali, fayilolina suka gauraya da waɗanda apt, mai girka kunshin manhajoji a Debian da Ubuntu, ke kula da su. Da sabuntawa ta zo, ta tattake wasu ta bar wasu, na zauna da Vim rabi tawa rabi tasu. Ka ba --prefix wata folda a cikin foldarka ta gida, kamar $HOME/.local, babu ruwanka da sudo, mai ba da ikon taɓa fayilolin tsarin. Kuma bayan ka girka, ka tabbatar wadda kake buɗewa ita ce ka gina. Bash, mai karɓar umarninka a tamina, yana tuna hanyar tsohuwar, sai ka ce masa hash -r. Na taɓa yin yammaci guda ina gyara ina sake gini, ina mamakin yadda gyaran ba ya tasiri, alhali tsohuwar Vim nake ta kunnawa.

Yanzu ga inda na fi shan wuya. Na ƙara wani ɗan aiki nawa a cikin tushen, mai kwafe kalmar da ke ƙarƙashin alamar rubutu ya sarrafa ta. Na gwada da rubutun Turanci, sumul. Na buɗe wani rubutu na Hausa, na yi aiki na ɗan lokaci, kwatsam Vim ta ce ta gamu da mugun sigina, ta adana fayiloli, ta mutu. Na kira GDB a kan wadda na girka, na buga bt don in ga jerin ayyukan da suka kai ta ga faɗuwa, sai alamomin tambaya birjik. Ban sani ba cewa make install na Vim yana bi da manhajar ta strip, wanda ke kankare duk bayanan da GDB ke dogaro da su. Wadda ke cikin folda src ita ce mai bayanan. Ko ita ma, in an gina ta da -O2, za ka tambayi abin da ke cikin wani canji (variable) GDB ya ce maka an share shi wajen ƙara sauri. Gina da CFLAGS="-g -O0" kafin ka fara farauta.

Wata matsalar kuma, Vim tana mamaye allon tamina gaba ɗaya, GDB ma yana son allon, sai su yi ta kokawa har ka rasa inda kake rubutu. Buɗe tamina biyu, ka kunna Vim a ɗaya, ka maƙala GDB daga ɗayar da gdb -p da lambar aikin Vim ɗin (PID). Ubuntu kan hana wannan maƙalawar sai da sudo, kada ka firgita.

Duk da haka, wurin da GDB ya nuna mini ba ruwansa da aikina. Can cikin free, aikin C mai sakin ma'ajiyar da aka gama amfani da ita, ta faɗi, a wani sashe da ban taɓa ba. Nan na soma zargin mutanen da suka shekara talatin suna kan wannan manhaja, ni da ban fi mako ina leƙa ta ba. Ɓarnar ma'ajiya haka take, kamar yoyon rufin soro: inda ruwa ke ɗiga a ɗaki daban, inda ya shiga daban. Abin da ya fitar da ni shi ne gini da -fsanitize=address, wanda GCC ke da shi tun siga ta 4.8 a 2013. Yana tsayar da manhaja a daidai lokacin da aka yi rubutu a wajen iyaka, ba sai ta faɗi daga baya ba. Ya nuna layina, ya nuna inda na ware wurin. Na ƙirga haruffa na ware musu wuri, sannan na kwafe bait-bait (bait shi ne ma'aunin wuri a ma'ajiya). A tsarin ajiye haruffa na UTF-8, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne bait biyu yake ci. Kalmar "ƙarƙashin" haruffa 9 ce amma bait 11. Ɗora alamar rubutu a kan ƙ cikin Vim ka buga g8, za ta nuna maka c6 99. Vim tana da nata hanyoyin takawa harafi-harafi, irin su MB_PTR_ADV, suna nan a tushen tun kafin in zo, karantawa ce ban yi ba. Mu da muke rubutu da waɗannan haruffa, ganganci ne mu gwada manhaja da Turanci kaɗai.

Idan kuwa ba ka taɓa tushen ba amma Vim na yin abin da ba ka gane ba, fara kunna ta da vim --clean. In matsalar ta ɓace, to galibi tana cikin .vimrc ɗinka, fayil ɗin saitunanka na Vim, wataƙila a layukan da ka kwafo daga intanet ba ka san aikinsu ba. In tana nan, kuma ka san wata tsohuwar siga da ba ta da ita, git bisect zai yi ta raba tarihin gyare-gyaren tushen biyu har ya kama gyaran da ya kawo ta. Sai dai fa yana buƙatar tarihin gaba ɗaya. Ni saboda tsimin data da --depth 1 na sauko da tushen, wanda sigar ƙarshe kawai yake kawowa, don haka bisect bai sami abin rabawa ba. Ba sai ka goge ka sake saukewa ba; git fetch --unshallow zai ciko sauran, amma ka bari sai ka sami intanet mai arha.