Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ciwon da Bai Zo da Ƙullutu Ba

A makon jiya na tsaya a inda na gama shan maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye na biyu, nonona na hagu kuwa ko gezau. Kullum ƙara nauyi yake, ga zafi kamar an ɗora garwashi, har rigar mama ta daina shiga ta ɓangare ɗaya. An ce mini kumburin nono ne irin na masu shayarwa, na kuwa yarda, tunda ban daɗe da yaye autana ba. Na lalube ko'ina ban ji ƙullutu ba. Ni kuma a sanina, sankarar mama ƙullutu ce, in babu shi babu ita.

Yayata ce ta tsaya kai da fata sai mun ga wata likitar. Wannan ba ta yi gaggawar taɓa ni ba. Ta jawo fitila, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Malama, dubi nan da kyau.” Fatar ta yi kauri, ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Sau biyu a baya an tambaye ni ko wurin ya yi ja, ina cewa a'a. Ashe a baƙar fata ba lallai ya yi ja ba, duhu yake ƙarawa. Har yau wannan tambayar tana ci mini rai. Ta sa hannu a hammatata, ta taɓo kaluluwar da ni ban san da ita ba.

Hoton mamogiram, wanda ake matse nono tsakanin faranti biyu, na sha azabarsa a banza: kaurin fata kawai ya nuna. Sikanin da aka yi mini bayansa ya tabbatar da kaluluwar. Likita ta ce hoto ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi tsoka an duba. Aka yi mini allurar kashe zafi, ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin biro, ta murza shi a fatar ta ciro ɗan zagaye, ta yi ɗinki biyu. Sannan wata allura mai rami ta shiga ciki, ta yi ƙara ƙas! Yaya ta fi ni zabura.

Tana rubuta takardar ɗakin gwaji tana yi mana bayani. Akwai nau'o'in ciwon nono da ba a cika gani ba, shi ya sa suke wuce idon mutane. Wani a kan nono yake farawa, da ƙaiƙayi da ɓawo kamar kirci, mace ta yi ta shafa mai wata da watanni. Sunan wani likitan Ingila, James Paget, da ya bayyana shi a 1874 aka sa masa. Wani kuma, filodis, ƙullutu ne mai saurin girma, amma yawancinsa ba sankara ba ne. Ni dai rabin maganar ta bayan kunnena ta bi.

Ranar sakamako ba ta yi kwana-kwana ba. Sankara ce mai kumburi, wadda a Amurka ba ta wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na masu sankarar mama. Ƙwayoyinta ne suka toshe ƙananan hanyoyin ruwan da ke cikin fata, ruwa ya rasa mafita, nono ya kumbura. Da yake ta riga ta shiga fata, duk wadda aka gano tana da ita, daga mataki na 3 ake fara lissafi.

Yaya ta ce, “Likita, a yanke shi gobe mana, mu huta.”

“Hajiya, wannan ba a fara shi da wuƙa. Kemo tukuna, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, sai tiyata, sai gashin wurin da na'ura.” Ta ce saura gwajin da zai nuna ko ƙwayoyin da sinadaran jikin mace suke girma, ko suna ɗauke da wani sinadari da ake kira HER2, don shi zai zaɓi magani. Sai kuma hoton jiki duka, a ga ko ta yaɗu.

Na ninke takardar huɗu na cusa a jaka. Maigidana ya kira sau uku ban ɗauka ba. Yadda muka kwashe da shi a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.