Godiya bayan kwana 26 a asibiti

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar aka sallame mu, ƙanena Auta ya kwana a ɗakinsa. Ni ma jiyan ne na fara yin barci ba tare da waya a kan ƙirjina ba, ko da yake na farka sau biyu ina lalubar takardar magani. Kun san haɗarin babur da Auta ya yi a hanyar Daura, kun san batun tiyata biyu da neman jini cikin dare, ba sai na maimaita ba. Gaskiya ma ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Amma akwai mutum ɗaya da nake bin kaina bashin maganarsa, domin ranar har kwalar rigarsa na shaƙe.

Lokacin da muka iso wurin, gaba kaɗan da Mashi, mutane sun riga sun yi da'ira. Auta yana kwance a gefen kwalta, babur ɗin can cikin gona, jini yana tsartuwa daga ƙasan gwiwarsa ta dama. Mutum huɗu sun kama hannu da ƙafa za su jefa shi bayan wata mota. Wani ya fasa ledar ruwa zai ɗura masa, wani yana cewa a kawo man birki a zuba a ciwon. Duk da kyakkyawar niyya suke yi, Allah ya sani, kuma ni ne na fi kowa ihun a ɗauke shi. Sai ga wani siririn mutum da kaftani ruwan toka ya fito daga motar haya, ya ratsa mutane, ya ce kar wanda ya ɗaga shi. Na ce kai wane ne? Na kama shi. Ko hannuna bai ture ba. Ya ce, "Yallaɓai, ƙanenka ne? To zo nan, aikinka ya fi na kowa."

Ya durƙusar da ni ta saman kan Auta, ya ɗora tafukana biyu a gefen kansa, daidai kunnuwa. Ya ce, "Kar ka ja, kar ka juya, kar ka saki. Ko ya ce ka sake shi, kar ka saki. Ka yi ta yi mashi magana." Shi kuwa ya koma kan ƙafar. Ya danna tsumma a bakin ciwon da dukkan nauyinsa, jinin ya ƙi tsayawa. Ya ɗaga kai ya ce wa ke da ƙyalle mai faɗi, igiya ba za ta yi ba, za ta yanka nama. Wata baiwar Allah ta cire mayafinta ta miƙo, ta rufe kanta da gefen zani. Ya naɗe shi ya ɗaure a cinya, sama da gwiwa, ya karɓi sifana a hannun wani mai faci ya soka cikin ƙullin, ya yi ta murɗawa. Auta ya yi wata ƙara da har yau ina jin ta. Na ce ka kashe shi! Ya ce, "Zafin na nufin ya kama." Sai tsartuwar ta tsaya cak. Ya ciro biro ya rubuta lokacin ɗaurin, 2:40, a goshin yaron, a tsakanin hannuwana.

Minti arba'in da wani abu na yi a durƙushe. Kwalta tana ƙona gwiwata, cinnaku sun hau ƙafata, gumina yana ɗiga a fuskar Auta ba halin in share. Ina jin jijiyar gefen kansa tana bugawa a tafina, wani lokaci da sauri kamar ta tsuntsu. Maganar da zan yi masa ta ƙare, sai na koma tambayarsa bashin da yake bi na, na dubu bakwai, ina cewa ba zan biya ba sai ya tashi. Ya ce, "Yaya, ruwa." Sau nawa ya faɗa, ban ƙirga ba. Ledar ruwa tana nan kusa da gwiwata, mutumin nan ya hana. Wannan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi a rayuwata, ƙanena yana roƙon ruwa ina kallonsa.

Shi bai zauna ba. Ya sa wani ya kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra, ya ce a faɗa masu daidai wurin da kuma cewa mutum ɗaya ne, yana numfashi, ya zubar da jini da yawa. Yana riƙe wuyan hannun Auta yana kallon agogo. Ya danna farcensa ya saki, yana duba ko ja zai dawo da wuri. Ya tambaye shi sunansa, da yau wace rana, ya ce ya matse masa yatsa, ya motsa yatsun ƙafar hagu. Bayan ɗan lokaci ya sake yin tambayoyin daga farko, har wani dattijo ya ce wannan ɗan jarida ne ko likita. Cikin wannan zafin rana ya karɓi babbar rigar wani ya lulluɓe shi, ya ce wanda jini ya zuba jikinsa sanyi yake yi, kuma sanyi yana hana jini daskarewa. Da mota ta zo aka sa masa abin tallafe wuya, ya tara mutum huɗu, ya ce ni da ke riƙe da kai ni zan ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, muka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, aka zura allo a ƙarƙashinsa. Sai a lokacin ya ce in saki. Yatsuna suka ƙi miƙewa.

Kwana biyu bayan nan likita ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna mani tsaga a ɗaya daga cikin ƙasusuwa bakwai na wuya. Ya ce da an ɗauke shi kai yana reto, da lakar da ke ciki ta taɓu, kuma wannan ba ta gyaruwa. Ya ce rubutun goshin ya taimaka masu, domin irin wannan ɗauri idan ya haura awa biyu ƙafar tana shiga haɗari, su kuma sun san nawa ya rage masu. Ruwan da aka hana shi ma, da ya sha, da yana iya amayar da shi ya shiga huhu lokacin da aka sa masa maganin barci. Na fita bayan ɗakin na yi kuka, don me zan ɓoye.

Na sami mutumin nan mai kaftani daga baya. Ashe ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya ne, ranar yana hutu, zai je gaishe da mahaifiyarsa. Na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce ba ni ne farkon wanda ya shaƙe shi ba. Na miƙa masa ɗan abin da ya samu, ya mayar mani. Ya roƙe ni kar in kama sunansa, to na bari. Malam, Allah ya san ka. Allah ya riƙe ka yadda ka sa na riƙe ƙanena, ya tsare maka zuri'a, ya sa kar ka taɓa kwanta a gefen hanya ba mai sani a kusa. Allah ya ba mahaifiyarka lafiya da nisan kwana, ya sa Aljanna ce makomarku.

Na san Goggonmu ta Ƙofar Sauri za ta yi faɗa, amma sai na faɗa: kwana 26 ba ranar da kwanon kunu bai iso ba kafin bakwai na safe. 'Yan majalisarmu uku da suka ba da jini ƙarfe ɗaya na dare, ɗayanku ma tsoron allura yake ji, na gani. Ma'aikaciyar jinya ta dare da take ce wa Auta "ɗana". Limaminmu da jama'ar masallaci. Kawu na Daura da ya sayar da ragonsa bai gaya wa kowa ba, sai a bakin yaransa muka ji. Allah ya saka maku da mafificin alheri, ya yaye maku damuwar duniya da lahira.

Waɗanda kuma gidansu ba shi da nisa da asibitin amma hanya ba ta biyo da su ba, sai dai saƙon a cire shi a kai wa mai ɗori, mun gode da shawara. Kowa da uzurinsa.

Auta zai yi makonni da abin wuya, likita ya ce a rage masa hayaniya, don haka masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar. Mayafin nan, shuɗi mai ɗigon fari, Inna ta wanke shi sau uku, tabon bai fita duka ba. Yana nan a ninke tare da sifanar da wani sabon mayafi. Duk wanda ya san matar ko mai facin, a yankin Mashi, don Allah ya yi mani magana.